An ba ƙanwata kwas ɗin abinci mai gina jiki maimakon likitanci: ta karɓa ko ta sake JAMB?

Yayan Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanwata ta nemi likitanci, makinta bai kai inda aka yanka ba, sai jami'ar ta sauya mata zuwa Nutrition and Dietetics, wato ilimin abinci mai gina jiki da tsara abincin marasa lafiya. Tun da sunan ya fito gidanmu ya rabu biyu. Baba ya ce ba zai biya kuɗin shekara huɗu don 'yarsa ta koyi girki ba, tunda Umma ta riga ta koya mata kyauta. Umma kuma ta ce a karɓa, wa ya san abin da jarrabawar baɗi za ta zo da shi. Ita yarinyar ko uffan ba ta ce ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan abin ba. Don Allah wanda ya karanta ko yake aikin ya gaya mana gaskiya: me ake koyarwa, kuma ina ake cin abinci da shi?

Baffa Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan mahaifinku. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, ban ga ana neman masanin abinci yadda ake neman malamar jinya ko ungozoma ba. Ta sake zama jarrabawar, ko ta tafi makarantar koyon jinya. Wannan aiki ne a hannu.

Malam Mai Alli: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma batun girkin nan nake so mu fara kawar da shi. Kemistiri nake koyarwa a sakandare, kuma ɗalibaina da dama sun bi layin nan. Darussan da ake zana masa a JAMB ma kusan na likitanci ne: Turanci, Kemistiri, Bayoloji, sai Fiziks ko Lissafi gwargwadon tsarin jami'a. A shekarar farko tare suke zama da sauran 'yan kimiyya. Daga aji biyu sai Bayokemistiri, da ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci, da ƙididdiga. Duk wanda ba ya shiri da Kemistiri ya yi nesa da shi. Kuma ba baƙon fanni ba ne. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka sun daɗe suna koyar da shi, a nan Arewa Bayero tana yi, Kaduna Poli kuma tana ba da ƙaramar difloma da babba. Ƙungiyar masana fannin ta Najeriya tun 1963 aka kafa ta.

'Yar Aji Uku: Wallahi Malam ka faɗi gaskiya. Ni ma likitanci na nema aka jefo ni nan, na shigo ina hura hanci ina cewa ai wannan wasa ne. Bayokemistiri ce ta sauke mini girman kai.

Ana shiga kicin, ba na musu, amma da sikeli ake shiga. Kowane giram na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, na mai kuma 9, sai a ce ki lissafa abin da ke cikin kwanon nan. Aikin da ya fi ba ni wahala shi ne wanda aka tura mu gidaje mu tambayi mata abin da suka ci daga safiyar jiya zuwa ta yau. Mace ta ce miki "tuwo malmala biyu". To malmalar gidan wa? Ta wani gidan ta ninka ta wani. Ta ce "na ɗan zuba mai". Sai kin ce ta ɗauko ludayin kin gani da idonki. Sannan ki koma ɗaki ki buɗe jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2012 ta sabunta a 2019, ki nemo gero, ki nemo kuka, ki nemo daddawa. Da na gama lissafin wata mai shayarwa na ga kusan duk abin da ta ci a wuni gero ne a kamanni uku: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Ta ƙoshi, amma sinadarin da ke ƙara jini kaɗan ne ya shiga jikinta.

Baffa Mai Ritaya: Karatu kam na ji akwai shi. Aiki na tambaya.

Maman Sadik: Sannunku. Baffa, bari in amsa maka, don ni aikin nake yi a wani asibitin koyarwa. Marasa lafiya suna kiranmu likitocin abinci.

Yayan Nana, ka sani digirin kaɗai ba ya sa mutum ya zama mai tsara abincin marasa lafiya a asibiti. Bayan an gama sai an yi shekara guda ta horo a asibiti ƙarƙashin waɗanda suka riga ka, a zana jarrabawar ƙwarewa, ga kuma bautar ƙasa. Wanda bai yi horon nan ba yana iya aikin abinci a cikin al'umma ko kamfani, amma ba a sakar masa mai ciwon ƙoda.

Aikinmu kuwa: masu ciwon suga, masu hawan jini, masu ciwon ƙoda, wanda ya ƙone, wanda aka yi wa tiyata, wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya ake ba shi abinci ta bututun hanci. Likita zai rubuto a takarda, mu ne za mu mayar da rubutun ya zama abin da za a zuba a kwano.

Bari in ba ku misali. Wani dattijo ya zo mini da ciwon suga, ya rame, wuyan rigarsa yana lilo. Wani ya ce masa mai suga ba ya cin komai sai wake da tuwon alkama, shi ke nan ya yi watanni a kai, har ya tsani ganin kwano. Kuma sugan bai sauka ba, saboda tuwon alkamar da ake tuƙa masa ya kai na mutum biyu, alkama kuwa sitaci ce kamar masara da dawa. Na ce wa matarsa ta zo mini da farantin da yake ci a ciki da marar da take kwashe tuwo. Muka raba farantin: rabi miyar ganye da kayan lambu, kwata tuwon da ya ga dama, na dawa ko na masara, kwata wake ko kifi ko nama. Muka cire lemon kwalba da sukarin shayi. Da na ce masa zai iya cin tuwon dawarsa, sai ya kalli matar ya ce, "Kin ji ko?" Irin wannan zaman likita ba shi da lokacinsa, layin da ke ƙofarsa ya ishe shi.

Mai ciwon ƙoda kuma shawarar ta juya. Ayaba da lemo da dankali da muke yaba wa kowa, shi suna iya ɗaga masa sinadarin fotasiyam har ya taɓa bugun zuciya. Dole ki karanta sakamakon gwajin jininsa kafin ki buɗe baki. Ga watan azumi, lokacin da masu suga ke cika mana ofis suna tambayar yadda za su yi da sahur da buɗa-baki.

Abin da ba zan ɓoye ba: guraben kaɗan ne. Samun wurin horon ma gwagwarmaya ce, akwai waɗanda suke jira fiye da shekara. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen, amma ƙananan asibitoci da yawa babu ko mutum ɗaya.

Baffa Mai Ritaya: To ai ga shi kin faɗa da bakinki, 'yata. Ni ba na jayayya da amfaninsa. Amfani daban, albashi daban.

Ɗan Katsina: Baffa, asibiti hanya ɗaya ce cikin hanyoyin. Ni ban taɓa aikin asibitin koyarwa ba, aikin tamowa na yi da ƙungiyar agaji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100 ne. Fiye da rabin yaranmu ke nan. Jarirai 29 cikin 100 kacal ake ba nono zalla a watanni shida na farko. Wa zai yi wannan aikin idan 'ya'yanmu ba su karanta ba? Sau da yawa shugabar aikin daga Kudu take zuwa, ta san karatun sosai, amma sai an yi mata tafinta kafin ta yi magana da kakar yaro, alhali kakar ce mai yanke hukunci a kan ko za a ba jariri ruwa.

Ranar awo, mata ne za ka gani cike da inuwar bishiya tun da sassafe. Ana zagaya ɗan tef a damtsen yaro. Idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Ana danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa, idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, shi ma mai tsanani ne ko da tef ya nuna kore. Sai a gwada ko yana da sha'awar ci. Wanda ya ci, a ba uwar ƙunshin abincin gyaɗa na maganin tamowa na mako guda ta tafi gida, kowane ƙunshi giram 92, kalori 500. Wanda ya ƙi ci ko yake da wata cuta a tare, a kwantar da shi. A Najeriya, a Gombe da Kebbi aka fara tsarin a 2009.

Baffa Mai Ritaya: Wannan zagaya tef ɗin ai ma'aikacin lafiya na ƙauye yana yi. Sai an yi digiri?

Ɗan Katsina: Tambaya mai kyau, Baffa. Ko uwar yaron ma ana koya mata zagaya tef. Mai digiri shi ne zai lissafa katan nawa ƙaramar hukuma za ta buƙata kafin damina ta yi nisa, don lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin sauro ya taso ne yaran ke ƙaruwa. Shi zai horar da ma'aikatan, ya tsara binciken da za a zaɓi ƙauyuka a auna yara, ya duba alƙaluman ya gane dalilin da ya sa iyaye mata na wata cibiya suke daina zuwa kafin yaro ya warke, ya rubuta rahoto da Turanci mai kyau. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su riƙe ƙididdiga da kwamfuta da hannu biyu. Wanda ya iya Excel da manhajar tattara bayanai ta Kobo ya riga takwaransa shiga.

Sai dai ga inda maganar Baffa take da ƙarfi. Aikin ƙungiya kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, a farkon 2025, ayyuka da yawa suka tsaya cak, nawa yana ciki. Yaran suna nan, kuɗin ne babu. Albashin yana da kauri ranar da ake biya, amma kada wanda ya gina rayuwarsa a kansa kamar aikin fansho ne.

Maman Sadik: Shi ya sa kullum nake cewa a daure a yi horon asibiti tukuna. Mai takardar horo yana iya tsallakawa zuwa ƙungiya, amma wanda ya fara da ƙungiya dawowarsa asibiti da wuya.

Ɗan Katsina: Hajiya, a nan ban bi ki ba. Yarinya ta zauna shekara biyu tana jiran gurbin horo, alhali da ta yi aikin sa-kai a cibiyar tamowa da ta tara gogewar da ƙungiyoyi ke tambaya? Su ba sa tambayar takardar horo, "ina ka taɓa aiki" suke cewa.

Maman Sadik: Ga ka nan zaune a gida da gogewar taka ai, ƙanina.

Ɗan Katsina: Kai, Hajiya! Wannan duka ne ƙasa da ɗamara. To na ji, amma ke ma kin san waɗanda suka yi horon suna zaune.

Maman Sadik: Na sani. Wasa nake maka, Allah ya kawo wani aikin da gaggawa.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan shekarar 2005 ce ta buɗe ma kowa ido a kan wannan fanni. Shekarar yunwa ce bayan fari da fara, kuma a nan jihar ne 'yan ƙungiyar agaji ta Likitoci Marasa Iyaka suka yi magani ga dubun-dubatar yara da abincin gyaɗar nan, mafi yawansu a gida ba tare da an kwantar da su ba. Kafin nan ana ganin sai an kwantar da kowane yaro. Yanzu muna da CRENI inda ake kwantar da masu tsanani da ke da wata cuta, da CRENAS inda ake zuwa a karɓa a koma gida. A Yamai akwai kamfanin STA da ke yin abincin a cikin ƙasa. Karatun kuma shekara uku ne a samu lisans, wato digirin farko, sannan masta.

Abin da nake so in ƙara: cibiyoyinmu na kusa da iyaka mata daga ɓangaren Katsina suna zuwa da yaransu. Harshe ɗaya, gero ɗaya, matsala ɗaya. Yarinyar ku in ta ƙara Faransanci ko kaɗan a kan Turancinta, Nijar da Cadi da Arewacin Kamaru duk filin aikinta ne.

Ɗan Katsina: Haka ne. A Kano ma yanzu akwai kamfanin NutriK da ke yin irinsa.

Hajiya Mai Kayan Gyara: Assalamu alaikum mata. Akwai shayin rage tumbi da garin ƙiba na kwana bakwai, da maganin suga sadidan. Ana aikawa ko'ina. A yi mini magana ta akwati.

Shugaban Zaure: Hajiya, an hana talla a zauren nan. Na bar wannan ne kawai don ya dace da maganar da ake yi. Na gaba zan goge.

Maman Sadik: Madalla da ka bar shi, Shugaba. Yayan Nana, ka ga kasuwar da ake ci ba tare da masu ilimin ba. Mutanenmu suna kashe kuɗi sosai a kan ƙiba da rama da suga, sai dai hannun da kuɗin ke faɗawa ne abin dubawa. Ciwon suga ana sarrafa shi ne, ba a yi masa "sadidan". Kayan ƙibar da ba a san abin da ke ciki ba kuwa, mun ga waɗanda aka cakuɗa da ƙwayoyin da ke kumbura fuska su tayar da suga da hawan jini. Ina da abokan aiki da suka buɗe ofishin ba da shawara na kansu, wasu ta waya suke yi, suna tsara wa mutum abincin wata guda a biya su. Yana tafiya a Kano da Kaduna da Abuja. A ƙaramin gari kuwa har yanzu mutum ya fi yarda ya biya kuɗin kwalba a kan ya biya kuɗin magana.

Mai Sikeli: Bari in sa baki ta ɓangaren masana'anta, don nan nake, sashen duba ingancin kaya a wani kamfanin abinci. Ku duba jarkar man girki ko buhun sukari ko fulawa, za ku ga tambarin ido. Alama ce ta an ƙara bitamin A, kuma doka ce tun farkon shekarun 2000, kamar yadda aka wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. Akwai masu auna wannan a kamfani, akwai masu bin sawu a NAFDAC da hukumar ingancin kaya ta SON. Akwai gwajin gubar fumfuna a gyaɗa da masara, wadda ke lalata hanta. Amma in faɗi gaskiya, a masana'anta wanda ya karanta Kimiyya da Fasahar Abinci ya fi ɗan fannin Nana shiga, don shi aka koya wa injina da sarrafawa. Kwasa-kwasan biyu ne daban, mutane suna rikita su. Na su Nana ya fi karkata ga abin da abinci ke yi a jikin mutum.

Inda na ga 'yan fannin suna ci shi ne ƙaramar sana'a. Garin kunun yara da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. Wadda ta san dalilin kowane awo, ta iya tsafta da busarwa, ta nemi lambar NAFDAC, ta wuce mai ƙullawa a leda.

Goggon Yara: Ni fa ina karanta ku tun ɗazu. Abin da ke haɗa ni da ku masu karatun nan, komai namu sai kun ce ba kyau. Kunun kanwa ba kyau, ba jariri ruwa ba kyau, shayi bayan abinci ba kyau. Mu da aka yi mana jego da kunun kanwa ga mu nan da jikoki.

Maman Sadik: Goggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba komai muke kushewa ba. Jiƙa gero a bar shi ya yi tsami kafin a yi koko, karatu ya tabbatar yana rage abin da ke hana jiki tsotse sinadarin ƙarin jini. Zogale, kuka, daddawa, nono, kunun gyaɗa, duk mu ne masu yi musu talla. Kakanninmu sun san abin da suke yi.

Kanwa kuwa gishiri ce mai yawan sodiyam. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, don haka ba kanwa kaɗai ba ce. Amma maijegon da jininta ya hau ko ƙafarta ta kumbura, ni ba zan ba ta ba. Ruwa kuma, nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, ya ishi jariri ko a zafin Afrilu. Ruwan randa ne ke kawo masa gudawa. Daƙashin da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Shayi kuwa ba mu hana ba, cewa muka yi mai ƙarancin jini ta ba da tazara tsakaninsa da abinci.

Goggon Yara: To ke kin iya magana. Wadda ta zo mana unguwa kwanaki, tsawa ta dinga yi mana kamar 'ya'yanta.

Ɗan Katsina: Goggo, irin wannan ne ya sa muke so 'yan gida su karanta, waɗanda suka san ba a ɗaga wa uwar miji murya a gaban surukarta.

Yayan Nana: Na gode ƙwarai, na karanta wa Umma duka. Tambaya ɗaya: wani ya ce mana ta karɓa kawai, bayan shekara ɗaya sai ta canza zuwa likitanci. Haka ne?

Malam Mai Alli: Kada ku gina shawara a kan wannan. Gurbin likitanci ƙidayayye ne, Majalisar Likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, don haka masu samun canjin 'yan kaɗan ne, wasu jami'o'in ma ba sa yi sam. Abin da ɗalibai suka fi yi shi ne su karɓa, su fara karatu, su sake zana JAMB a gefe. In ta samu ta tafi, asarar kuɗin shekara guda ke nan. Wasu jami'o'in kuma suna ɗaukar mai digiri mai kyau kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci, sai dai hanya ce mai tsawo. Ku kuma lura, karɓar gurbi a shafin JAMB yana da wa'adi, kada ku tsaya muhawara har ya wuce.

'Yar Aji Uku: A ajinmu da yawa sun ce za su sake JAMB. Waɗanda suka sake ɗin ba su da yawa, kuma masu ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje su ne suka fi faɗuwa a aji ɗaya.

Yayan Nana: Ga ta nan ta karɓi wayar, ta ce ita ma za ta yi tambaya.

Assalamu alaikum, ina wuninku. Nana ce. Anti Maman Sadik, ni dalilin da ya sa nake son likitanci, ɗakin yara nake so in yi aiki. Idan na yi wannan, zan riƙa duba marasa lafiya da kaina, ko ofis kawai zan zauna?

Maman Sadik: Lafiya lau, ƙanwata. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Ba za ki gano cuta ki rubuta magani ba, ba za ki yi tiyata ba, kuma za ki haɗu da likitocin da ba sa tunawa da ke sai abu ya ɓaci. Idan abin da ranki ke so ke nan, wannan ba zai maye gurbinsa ba, ki sake jarrabawa da zuciya ɗaya.

Amma ɗakin yara kam za ki shiga. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, idan aka ɗura masa abinci mai yawa a ranar farko don tausayi, ana iya rasa shi, saboda zuciyarsa da hanjinsa ba za su ɗauka ba. Madara ta musamman ake fara ba shi, F-75, kalori 75 a kowace mililita 100, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, gwargwadon nauyinsa. Sai kumburin ya fara sauka, ya fara neman ci da kansa, sannan a matsa zuwa madarar F-100 da ta fi ƙarfi ko abincin gyaɗa. Ke za ki auna shi kowace safiya, ke za ki zauna da uwar ki ji abin da ke akwai a gidansu, don kada a sallame shi ya dawo bayan wata biyu. Ki sa yayanki ya yi mini magana, ki zo ki wuni da mu ranar da muke ganin masu suga, ki leƙa ɗakin yaran, kafin wa'adin ya cika. Wanda ya ga wurin ya fi wanda aka ba labari.

Baffa Mai Ritaya: Ta je ta gani, ban hana ba. Amma ni har yanzu da 'yata ce makarantar jinya zan kai ta. Ku dai tanadi kuɗin fom ɗin JAMB a gefe.

Abban Husna: Afuwan, na shigo a makare. Ni tawa 'yar ƙaramar difloma ta gama a fannin nan a poli. Ta ci gaba da babbar difloma ne ko ta nemi jami'a?

Malam Mai Alli: In sakamakonta ya yi kyau, ta sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, za a iya ɗaukarta aji biyu. Idan asibiti ko koyarwa a jami'a take hari, digiri ya fi buɗe mata ƙofa. Ku fara duba ko tana da kiredit a Kemistiri da Lissafi a WAEC ko NECO, don nan ne 'yan poli suka fi maƙalewa.